Tsayuwar Direba da Yaransa: Nazarin Tsohon Hoton Gingimari

Duk wanda ya tashi buga littafi ko shirya nunin tarihi a kan zamanin gyaɗa a Kano, hoto ɗaya yake nema, hoton dalar gyaɗa. Ya shiga littattafan makaranta, ya shiga kalanda, har ya hau tsabar kobo 25 da aka fitar a 1973, kuma har gobe 'yan siyasa na ɗaga shi idan suna alkawarin dawo da arzikin noma. Akwai wani hoton na wannan zamanin da ba a kula shi, wanda ake samu a zaurukan Bichi da Ɗambatta da Tsanyawa da Makoɗa, ko a ƙasan adaka tare da tsofaffin takardun haraji: direba da yaransa tsaye a jikin gingimari. Idan aka nuna wa masu nazarin tarihi irinsa, amsar da aka saba ji ita ce hoton burga ne, in ka ga ɗaya ka ga dubu, kuma ba abin da zai faɗa wanda rahoton hukumar sayen gyaɗa bai riga ya faɗa da alƙaluma ba. An yi gaggawar yanke wannan hukunci, kuma in tuhuma za a yi, da dala ya kamata a fara. Dala ta yi tsawo ne saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashe abin da ake tara masa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu da taragu da kawunan jirgi suka yi ƙaranci, har gyaɗar bana ta riƙa tarar da ta bara a fili. Mai kallon dala inda kaya suka maƙale yake gani. Ba ya ganin gonar da suka fito, ba ya ganin hanyar da suka biyo, ba ya shaida kowa a cikin ɗigo-ɗigon mutanen da ke gindinta. Hoton gingimari ne ya tsince abin da wancan ya zubar, kuma yana da ƙa'idojin tsari da suka isa a ɗauke shi fanni mai zaman kansa.

Tarihin ba shi da tsawo. Dogo ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe a 1912, reshen Nguru da aka kammala a 1930 ya kurɗa ta gabas, ta Ringim. Arewacin Kano, wato hanyar Katsina ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, da hanyar Daura ta Ɗambatta da Kazaure, bai ga dogo ba. Sai a 2021 aka kafa harsashin layin Kano zuwa Maraɗi. Saboda haka buhun wannan yanki a bayan jaki da raƙumi ya fara tafiya, daga baya mota ta karɓa. Sojojin da suka dawo daga yaƙin Burma da dama sun dawo da tuƙi a hannu. Hukumar sayen gyaɗa ta 1949 ta tsayar da farashi, wakilanta masu lasin suka kafa sikeli a kasuwannin ƙauye, kowane sikeli kuwa sai da motar kwasa, attajirai irin su Alhaji Sanusi Ɗantata suka zuba jari a motocin dako. Rikicin 1966 da yaƙin basasa suka kwashe direbobi da makanikai 'yan kudu maso gabas daga tashoshin Arewa, yaran mota da yawa suka hau kujera kafin lokacinsu. Farin farkon shekarun 1970 da annobar da ta kama gyaɗa a 1975 suka rushe dala, ita kuwa mota kaya kawai ta sake: gero da dawa da wake, shanun kasuwar Ɗambatta ta ranar Lahadi, tumatir da albasar rani, takin zamani da siminti a dawowa. Bedford da Austin da Commer suka ba Mercedes 911 wuri, kamfanin NTM ya riƙa haɗa Fiat a hanyar Zariya, Dawanau ta zama babbar kasuwar hatsi daga tsakiyar shekarun 1980. A tsakanin nan hoton namu ya rayu, daga wajen shekarun 1950 zuwa na 1980.

Ba kowane hoto mai mota a ciki ne na wannan fannin ba. Wanda ma'aikatar watsa labarai ta ɗauka don nuna ci gaba ba ya ciki, haka ma na Baturen da ya tsaya yana mamakin yadda aka labta mutane a kan buhuna. Namu shi ne wanda direba ya biya da kuɗinsa: ya kira mai hoto zuwa tasha ko bakin kasuwa, ya zaɓi rana, ya sa aka wanke mota, ya ajiye ta yadda yake so. Sharaɗin farko shi ne motar ta shiga gaba ɗaya, daga bamba zuwa ƙarshen bodi, daga taya zuwa ƙololuwar kaya, kuma kusan kullum a karkace, yadda hanci da gefe ɗaya za su fito tare, rubutun allon goshi ya karantu. Sharaɗin yana da tsada, domin dole mai hoto ya ja baya, fuskar wanda ya biya kuɗin ta ƙanƙance har wani lokaci sai 'yan gida ne kaɗai za su shaida shi. A ɗakunan hoto na Sabon Gari akasin wannan ake saye: fuska ta cika takarda, agogo ya fito, labule mai zanen bene a baya. Wanda burga kaɗai ta dama can zai nufa. Wani zai ce ai ja da bayan nan shi ne laifin da aka ɗora wa hoton dala. Bambancin shi ne a hoton dala mutane sun faɗa ciki ne ba da saninsu ba, a nan kuwa kowa an kira shi da suna, an nuna masa inda zai tsaya. Maganar hoton duk a tsayuwar nan take.

Direba wurinsa ƙofa ne. Ko ya tsaya a ƙasa ya dafa marfin, ko ya ɗora ƙafa ɗaya a matakala, ko ya zauna ciki ya zuro gwiwar hannu ta taga. Duk yadda ya yi, jikinsa na taɓa ɓangaren sitiyari, kuma ba wanda ke shiga tsakaninsa da ƙofar. Tawul a wuya, hula a karkace, tabarau ko da hazo ya rufe rana, makulli a yatsa yadda zai fito. Idan mai motar yana nan, gaba yake tsayawa, kusa da hanci, cikin babbar riga, kuma abin lura shi ne yawanci ba ya jingina. Mai abu ba ya buƙatar riƙe abinsa a gaban jama'a. Wanda aka damƙa wa amana shi ne ke son a ga hannunsa a kai. Da wannan ma ake gane direban da Allah ya ɗaga ya mallaki tasa: ya bar ƙofa ya koma gaba, ya sa riga mai aiki, amma makullin bai bar yatsarsa ba. Babban yaro, wanda ya fara taɓa sitiyari a cikin tasha da kan hanyar da ba 'yan sanda, daf da direba yake, ta baya kaɗan, sau da yawa yana kwaikwayon tsayuwar ubangidansa har karkatar hula. Ƙaramin yaro, wanda bai wuce wanki da ɗebo ruwan lagireto ba, wurinsa ɗayan biyu ne, ko can ƙololuwar kaya ko tsugune a gindin tayar baya. 'Yan lodi suna bayan bodi da ƙyallayen kafaɗarsu. Ɗan kamasho yana bakin hoto, rabin jikinsa a waje, domin motar ba tasa ba ce, gobe ma wata zai yi wa lodi. Wanda ya san zaman fada ba sai an gaya masa wane ne wane ba, nisanka da kujera shi ne muƙaminka. Rahoton hukuma yana iya gaya maka tan nawa aka kwaso daga Bichi a shekara kaza. Ba zai gaya maka mutum nawa ne ke ci a jikin mota ɗaya ba, balle wa ke gaba da wa.

Sai weji, wanda shi ne mafi ƙanƙantar abu a hoton kuma mafi nauyi a wannan nazari. Guntun katako ne mai mariƙi, an sassaƙe gefensa ɗaya a gangare. Tsohuwar mota mai lodin da ya wuce ƙima ba ta dogara da birkin hannu. In ta mutu a tsakiyar hawa, ko direba ya zo sauya giya ta ƙi shiga, yaro ne zai diro daga bodi tun tana motsi, ya cusa weji a bayan taya kafin ta fara ja da baya. In ta ɗauka, ya zare, ya bi ta a guje, ya cilla wejin sama, ya kama tsani ya haye. Kuskuren taki ɗaya ƙafa ce ko rai, nasa ko na waɗanda ke zaune a kan kaya. Shi ne kuma mai murɗa ƙarfen tayar da inji ta gaba a sanyin asuba, ƙarfen da in ya dawo baya yakan karya wuyan hannu. Mai hoto ba shi da dalilin sa weji a aikinsa. Ba shi da kyan gani, baƙi ne ƙirin da mai da ƙasa. Amma yana fitowa, ko a maƙale a taya, ko a hannun yaro, wani lokaci ma a saɓe a kafaɗa. Na jikin taya ana iya cewa larura ce, motar ce ba ta tsayuwa sai da shi. Na hannu kuwa zaɓi ne, domin a filin tasha mai shimfiɗe ba tudun da za a ji wa tsoro. A ranar da aka wanke mota, aka goge fitilu, aka sa tufafin sallah, an bar shaidar raunin motar a fili, kuma an bar ta a hannun wanda ya fi kowa ƙanƙanta a ƙungiyar. Direban da ya yarda da haka ya amsa a gaban duk mai kallo cewa motar da yake tinƙaho da ita ba ta gama hawa sai da yaron nan. Yaron kuma, da bai mallaki agogo ko tabarau ba, ya ɗaga abin da yake da shi, wato aikinsa. Masu cewa hoton burga ne sai su nuna wata burgar da ke tallan inda mai ita ya gaza.

Kayan da ke kan motar su ma karatu ne ga wanda ya iya. Buhun hatsi a sarƙe ake jera shi, kowane layi ya danne mahaɗar na ƙasa, nauyi ya zauna a kan tayoyin baya ba tare da hanci ya ɗaga ba, kuma tsohon ɗan lodi yana duban hoto zai ce wannan ɗaurin zai kai ko zai zube a kwanar farko. Tamfol a ja tam, igiya a gicciye, damina ce ko doguwar tafiya. Tamfol a naɗe a saman kan direba, kaka ce, hanya ta bushe. Katakai a gicciye cikin bodi ranar kasuwa ce, fasinja za a ɗauka da awakinsu. Gangar mai a ɗaure a gefe, taya biyu na ko-ta-kwana, buta da tabarma da tukunya a rataye, wannan motar Ikko za ta: Zariya, Tegina, Mokwa, gadar Jebba da mota da jirgi ke bi da bi a kanta, Ilori, Badun, ta sauke shanu ko wake ta ɗauko goro. Bodin kansa aikin gida ne, domin kai da ƙashi kawai ake shigowa da su, kafintoci su ƙera sauran da katako, mai fenti ya rubuta bisimilla da karin magana a goshi, ya zana zaki ko mikiya a marfin baya. Hatta shekarar hoton ana iya ƙiyasta ta. Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, saboda haka sitiyari a dama yana nuna motar tsohon hannu ce, ko da yake irinta sun ci gaba da aiki shekaru bayan canjin, don haka shekarun motar yake faɗa, ba lallai na hoton ba. Sitiyari a hagu a hoton da sauran alamunsa suka nuna ya girmi 1972 kuwa, mai yiwuwa baƙuwa ce daga Damagaram ko Maraɗi, inda tun zamanin Faransa hannun dama ake bi, gyaɗarsu kuma ta daɗe tana biyowa ta Kano.

Ƙorafin cewa duk iri ɗaya ne ba ya buƙatar doguwar amsa. Kirarin sarauta ma iri ɗaya ne ga baƙo, haka zanen babbar riga, kuma ba wanda ya ce don aska takwas ta maimaitu a riga dubu ta daina zama fasaha. Maimaici shi ne ke ba ƙaramin sauyi ma'ana. Sai an saba ganin direba a ƙofa ne za a lura da ranar da ya ja gefe ya bar babban yaronsa ya dafa marfin, a gane cewa hoton yaye ne. Seydou Keïta, mai hoton Bamako, da 'yan labulaye kaɗan da rediyo da mota ya ɗauki dubban mutane, da aka gano aikinsa a Faris da New York a shekarun 1990 ba wanda ya ce maimaici ya ɓata shi; manyan gidajen zane ne suka yi rububinsa. Akwai kuma masu cewa yawancin masu hoton garuruwan Arewa a lokacin Yarabawa ne da Ibo, saboda haka idon baƙo ne. Na'urar tasu ce, ba musu. Amma mai hoton da ya zo daga Sabon Gari bai san wane ne babban yaro wane ne ƙarami ba, bai san mai mota da direba ba sa tsayuwa wuri ɗaya ba. Aikinsa haske da nisa. Jeri na masu motar ne, kuma jerin shi ne abin da muke karantawa.

Ƙorafin da ke da nauyi shi ne na uku, cewa hoton yana ƙarya ta hanyar yin shiru. Wannan gaskiya ne. Ba wanda ke kiran mai hoto ranar da mota ta kife a gangare, ko ranar da ta kafe a yashin rafi aka sauke buhu ɗari aka sake lodawa. Hoton ba ya nuna shingen damina, lokacin da ake rufe hanyar burji bayan ruwa don kada manyan motoci su kwaɓe ta, direbobi su yi zaman jira a ƙauyen da ba su san kowa ba. Ba ya nuna kwanan daji ana jiran yaron da aka aika birni sayen ƙarfe, ko lissafin dare tsakanin direba da mai mota, ko na-goron shingen hanya. Duk wannan a bakin tsofaffin direbobi yake, kuma hirarsu fanni ce ita ma, mai nata gishirin: hawan yana ƙara tsawo duk shekara, lodin yana ƙara nauyi, kuran da suka kewaye mota suna ƙara yawa. Abin da masu suka suka kasa gani shi ne kowane ɗayan biyun yana riƙe da linzamin ɗan'uwansa. Hoto ranar daɗi yake ajiyewa, hira ranar wuya, kuma in tsoho ya ce buhu ɗari biyu yake ɗauka, hoton yana nan da tayoyinsa shida a ƙirga. In kuma hoton ya nuna kowa fes, tsohon zai sa yatsa a kan yaron da ke saman kaya ya faɗi hanyar da ta ci shi. Mai nazarin da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya shi ya jawo wa kansa ƙaryar. Su kuwa masu cewa tasha matattarar 'yan iska ce, ba ta cancanci nazari ba, makaɗa sun riga su amsa. Mamman Shata ya yi wa Bawa Direba waƙa, Ɗanmaraya Jos ya keɓe wa karen mota waƙa sukutum, kuma makaɗan Hausa ba su saba zuba basirarsu inda jama'a ba su ga daraja ba.

Tambayar da ta rage ita ce me ya sa wannan hoto ya fi zama a ƙauye, alhali mota a birni take kwana. Amsar tana gona. Binciken da Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa a 1965 a kan gundumar Ungogo ya nuna ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, gona na jingine da gona, taki ne ke riƙe da ita, jakai na kai itace birni suna dawowa da shara da toka. Polly Hill, a littafinta na 1977 a kan Ɗorayi, ta nuna yadda rabon gado ke yanka gonaki har wasu magidanta su tashi da ɗan abin da ba ya ciyar da gida, dole sai da sana'ar gefe. A irin wannan ƙasa uba mai 'ya'ya maza biyar ba shi da gayaunar da zai yanka wa kowa. Ɗaya zai tafi almajiranci, ɗaya saƙa ko ɗinki, ɗaya ci-rani. Mota ta buɗe wata ƙofar, kuma ta karɓu da sauri ne saboda tsarinta ba baƙo ba ne. A gandu ɗa yana yi wa uba aiki ba lada, uba yana ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa aure, in lokaci ya yi ya yanka masa gona. A mota yaro yana bin direba shekaru ba albashi sai kuɗin abinci, direba ya koya masa, in ya ga ya nuna ya tsaya masa ya sami lasin, ya yi masa hanya wurin wani mai mota. Kalmar ma ɗaya ce, ubangida. Zalunci yana yiwuwa a nan kamar yadda yake yiwuwa a can, an sha riƙe yaro ya wuce lokacin yaye saboda ba a son rasa hannunsa, kuma yara da yawa sun tsufa da weji a hannu ba su taɓa samun kujera ba. Amma manomin Makoɗa da ya miƙa ɗansa ga direba ya san irin yarjejeniyar da ya shiga, domin a irinta ya tashi.

Da wannan idon ya kamata a sake duban hoton. Direba ne ya biya, amma kwafin da ya isa ƙauye sau da yawa na yaro ne. Shi ne ya aika wa mahaifiyarsa, wadda ta ji ana cewa ɗanta ya shiga tasha ya lalace, don ta ga yana da ubangida, yana da wurin tsayuwa, yana da aiki a hannu. In aka samu hotuna biyu ko uku na mutum ɗaya a gida guda, ana ganin tafiyar: a na farko yana saman kaya, a na biyu yana bayan kafaɗar direba, a na uku ya dafa ƙofa da wani ƙaramin a gindin taya. Wannan saukowa daga ƙololuwar lodi zuwa ƙofa ita ce tarihin yadda ƙasar da ta cika maƙil ta ci gaba da ciyar da 'ya'yanta ba tare da ta ƙara faɗi ba. Kuɗin mota ne ya sayi takin zamani, ya fanso gonar da aka jinginar, ya kafa injin niƙa a bakin kasuwa, kuma direbobi da yawa da suka ajiye makulli gona suka koma. Masana tattalin arziki sun yi ta mamakin yadda karkarar Kano ta ɗauki wannan yawan jama'a ba ta durƙushe ba, sun yaba wa taki da gawo da haɗa gero da wake a kunya ɗaya. Sun yi daidai, amma lissafin bai cika ba sai an sa yaron da ya bar gandun gona ya shiga na mota yana aiko da kuɗi.

Fannin ya mutu, kuma dalilan mutuwarsa na aiki ne. Wasu gidaje sun sauke hotunan daga bango saboda fatawar malamai a kan rataye hoton mai rai, gara da damshin adaka suka ci wasu. Amma tun kafin nan abin ɗauka ya canza. Tirela ta yi tsawon da in aka ja baya don ta shiga duka, mutum ya ɓace ɗungurungum, ƙa'idar farko ta karye. Bodin ƙarfe ya rage wa kafinta aiki. Birkin iska ya mayar da weji abin ajiya a ƙarƙashin kujera. Manyan kamfanonin dako suka zo da motoci ɗaruruwa masu launi ɗaya da lamba a ƙofa, direba yau yana wannan gobe yana waccan, ba wadda zai kira tasa har ya tara mutane a jikinta. A Dawanau da Ɗambatta har yanzu akwai tsofaffin Marsandi masu bodin katako da ke ɗaukar buhu, kuma direbobinsu na ɗaukar hoto fiye da kowane zamani, sai dai da waya. Hoton waya daga nisan hannu ake ɗaukar sa, fuska ce ke cika shi, abin da ke shiga na mota bai wuce sitiyari da gefen gilashi ba. In kuma direba ya so a ɗauke shi tsaye a ƙofa kamar da, ba sai ya kira kowa daga Sabon Gari ba. Yaronsa yake miƙa wa wayar, saboda haka yaron ba ya cikin hoton.